Turken Malam Zakka

Lokacin da masu sallar asuba ke fitowa daga masallaci, Malam Zakka yana cikin gulbi, ruwa ya kai masa cinya. Ya naɗe wando, ya rataya takalmansa a wuya, ya ciji wuƙa da haƙora. A gabansa akwai turken ƙirya da ya kafa da hannunsa. Ya jira ruwan ya kwanta daga motsin ƙafafunsa, ya ɗora babban yatsa daidai inda ruwa ya tsaya a jikin icen, ya yi tsaga ɗaya. Sannan ya ciro ɗan guntun kara daga aljihun riga, ya auna tsakanin tsagar yau da ta jiya. Yatsa biyu. Ya fito yana rawar sanyi, ya rubuta a ɗan littafinsa, ya hau keke ya koma unguwar Nasarawa don ya canza kaya kafin a buga ƙararrawar makaranta.

Haka ya yi kwana ashirin da shida a jere, a kakar shekarar da aka sami mulkin kai. Kuma mutumin bai iya iyo ba. Bai taɓa iyawa ba har ya bar ƙasar Kabi.

Mutumin duwatsu ne, daga can kudancin Zariya, inda rafi ba ya wuce gwiwar yaro. Ya zo Birnin Kebbi shekara shida kafin wannan lokacin, shi da matarsa Roda da akwati ɗaya da keken ɗinki. Aji ɗaya yake koyarwa a elemantare, yana fama da a, ba, ca, da yara masu majina. Ranar Lahadi su da wasu gidaje biyar ko shida suke taruwa a wata rumfa su yi sujada. Ba shi da yawan magana. Idan ka gaishe shi ya amsa, idan ka tambaye shi hanya ya raka ka maimakon ya kwatanta maka. Abin da aka san shi da shi kawai shi ne lissafi: kafin mai awo ya gama ƙirga mudu, shi ya riga ya faɗi jimla.

A watan Agustan shekarar ne Baturen da ke koyar da lissafi a makarantar midil ya ɗaure akwatunansa ya tafi gida. Hedimasta, Malam Ummaru, ya duba gabas ya duba yamma bai ga wanda zai ba ajin ba, sai aka ce masa ga wani can a elemantare. Aka ɗauko Malam Zakka a matsayin gwaji. Sharaɗin a fili yake: sufeton makarantu zai zo a watan Nuwamba. Idan ya gamsu, ajin ya zama na Malam Zakka. Idan bai gamsu ba, ya koma wa yaransa masu majina, kuma ba za a sake kiransa ba. Mu talatin da biyu ne a ajin nan, ni ina bencin baya, don haka abin da za a faɗa a nan ba ji aka yi ba.

Wata guda komai ya tafi daidai. Aka yi bikin mulkin kai, aka raba wa yara ƙananan tutoci, aka yi fareti a fili, aka ci shinkafa da nama har wasu suka kwance mazagi. Da aka dawo aji, sai littafi ya kawo su babin lambobin da ke ƙasa da sifiri, waɗanda ake sa wa ɗan gajeren layi a gaba ana ce musu mainos. Tarawa da ɗebewa ba su ba da wuya ba. Ranar da aka zo kan sau, Malam Zakka ya rubuta a allo:

−3 × −4 = 12

Ya ce, "Mainos sau mainos, fulos. Ku faɗa."

Aji ya ɗauka kamar waƙa, har da buga benci. Sai hannu ɗaya ya tashi. Usmanu ne, ɗan gidan malamai, wanda tun yana ƙarami aka saba masa da cewa kowane hukunci yana da dalilinsa.

"Malam, mi ya sa? Wanga ƙasa da sifiri yake, wancan ma ƙasa da sifiri yake. Ƙaƙa anka yi sunka hau bisa?"

Malam Zakka ya juya ya dubi allo. Ya tuna yadda shi aka koya masa a makarantar mishan: malami da tsumagiya, ka faɗa daidai ka zauna, ka kuskure ka miƙo hannu. Shekara ashirin yana riƙe da wannan doka a ka, bai taɓa juya ta ya ga bayanta ba. Bulala tana kan tebur. Da ya ɗauka ya ce yaro ya cika surutu, ba wanda zai ga laifinsa. Sai ya ajiye alli.

"Ban sani ba," in ji shi. "Haka aka ba ni, haka na haddace. Amma zan nemo maka."

Ba wanda ya taɓa jin malami ya faɗi haka. Rashin sa'a kuma Malam Ummaru yana wucewa ta bakin taga.

A ofis hedimasta bai ba shi kujera ba.

"Malam Zakka, ka taɓa jin Bature ya ce bai sani ba?"

"Ban taɓa ji ba, ranka ya daɗe."

"To yanzu da suka tafi, abin da za a fara ji daga bakinmu ke nan? Sufeton da ke zuwa, Malam Kalilu, malamai biyu ya sauke a zagayen da ya wuce. Ka sa yaran nan su haddace dokar kamar sunan ubansu. Wanda ya sake tambaya, ka san maganinsa."

"Za su haddace, ranka ya daɗe. Amma na riga na yi wa yaron alkawari."

"Alkawarinka ba ya cikin takardar da sufeto zai cika."

Kusan mako biyu ya yi yana juya littafin Baturen. Littafin dokar kawai ya faɗa, ya jera tambayoyi hamsin a ƙarƙashinta. Ya gwada da tsakuwa, ya gwada da ƙwayar gyaɗa a kan tabarma, har 'yarsa Sara ta cinye masa rabin lissafin. Kowace safiya ya shiga aji, Usmanu kallonsa kawai yake yi. Wannan kallon ya fi masa faɗan hedimasta ciwo.

Ranar wata Talata da la'asar Roda ta tsayar da keken ɗinki ta dube shi.

"Uban Sara, wannan littafin ba zai yi mana miya ba. Tashi ka je bakin gulbi ka sayo kifi, ko iska ta shiga kanka."

Ya je. A mashigin jirage ya tarar da wani masunci yana gardama da wani manomi. Masuncin shi ne Hodi, mutumin Gulma ta ƙasar Argungu, wanda kowace kaka yake gangarowa da jirginsa yana su, yana kuma ƙetarar da masu shinkafar fadama. Gajere ne, baƙi, yatsunsa kamar rogo. Manomin yana ƙorafi wai ruwa ya ƙi sauka daga gonarsa, tun Juma'a yana nan inda yake.

"Kai dai ba ka da ido," in ji Hodi. "Yatsa biyu yake sauka kullum. Yau Talata. Juma'a kwana huɗu ke nan baya. Ran nan yatsa takwas yake bisa ga inda kake ganinai yanzu."

Malam Zakka ya matso. "Baba, sake faɗa."

Hodi ya dube shi daga hula har takalmi. "Malamin boko ne? Na ce ruwa sauka yake yi. In ka tahi gaba, ka iske shi ƙasa. In ka koma baya, ka iske shi bisa. Wanga ko akuya ta sani."

Malam Zakka ya durƙusa a kan yashi da farin wandonsa, ya rubuta da yatsa. Ruwa yana sauka yatsa biyu: mainos biyu. Kwana huɗu baya: mainos huɗu. Amsa: takwas, a sama. Ya daɗe yana kallon yashin. Abin da ya yi mako biyu yana nema a littafi, ga shi a bakin mutumin da bai san ko bihim ba.

"Ta yaya ka san yatsa biyu ne?"

Hodi ya nuna wata bishiyar giyayya da ke tsaye cikin zurfin ruwa, nisan jifa biyu daga gaɓa. Ya ce duk Juma'a, kafin ya tafi masallaci, yakan yi tsaga a jikinta daidai bakin ruwa. Haka ubansa yake yi a can Gulma, da haka yake sanin ranar da zai canza wurin su da ranar da masu shinkafa za su fara nemansa.

"Shigo in kai ka ka gani."

Malam Zakka ya dubi jirgin, wanda faɗinsa bai fi kamu biyu ba, ya dubi ruwan. "Na gode, Baba. Daga nan ma ina gani."

"Ɗan tudu ke nan," in ji Hodi, yana dariya.

Ya koma gida ba kifi. Roda ta dubi gwiwoyin wandonsa ta ce, "Na aike ka kifi ka kawo mini wanki." Ran nan miyar kuka aka sha, kuma ya ci tuwo mara biyu, abin da ya daɗe bai yi ba.

Tsoron jirgin nan ne ya sa ya kafa nasa turken kusa da gaɓa, inda zai iya takawa da ƙafa. Ranar da ya kafa shi ruwa a ƙugu yake. Ranar Asabar ya jero yaran zuwa gulbi. Ya ce musu ruwan yau shi ne sifiri. Sama da shi fulos, ƙasa da shi mainos. Kwanakin da ke zuwa fulos, waɗanda suka wuce mainos. Da aka ce a auna, sai rigima ta tashi, don kowa da nasa yatsun yake aunawa: ƙaramin yaro ya ce yatsa uku ne, ƙato ya ce ɗaya da rabi, har aka kusa dambe cikin ruwa. Malam Zakka ya kira Hodi, ya ce ya miƙo hannu, ya yanka kara daidai faɗin yatsunsa biyu.

"Daga yau wannan ne yatsa biyu. Na Baba Hodi, ba na kowa ba."

"To ku riƙe shi da daraja," in ji Hodi. "Yatsun nan sun fi ubanninku sanin ruwa."

Daga nan abin ya zauna. Yaran nan 'ya'yan fadama ne, ba sai an gaya musu cewa ruwa yana hawa da damina yana sauka da kaka ba. Ruwa mai hawa, kwanaki gaba, yana sama. Ruwa mai hawa, kwanaki baya, yana ƙasa. Da aka zo kan ruwa mai sauka a kwanakin baya, Malam Zakka ya sa Usmanu ya ƙirga da karan daga bakin ruwa zuwa sama, karan ya faɗa kan tsagar shekaranjiya daidai. Usmanu ya daɗe da hannu a jikin turken.

"Malam, ashe ba hawa sunka yi ba. Can suke tun dauri."

"Na cika alkawari?"

"Ka cika, Malam."

Raba ma ta nan ya biyo da su. Idan ga tsaga yatsa shida sama da ruwa, kuma ruwa yana sauka biyu kullum, yaushe aka yi ta? Shida a raba da mainos biyu, mainos uku. Kwana uku baya. Su duba littafinsa su ga haka ne.

Malam Ummaru bai ji daɗin abin ba. Wasu iyaye sun zo sun ce sun kawo 'ya'yansu boko ne don su rabu da gulbi, ga shi ana mayar da su. Ya ce wa Malam Zakka, "Ranar da sufeto zai zo, ban son in ji kalmar gulbi a bakin kowa." Malam Zakka ya ce to. Amma bai daina zuwa da asuba ba, don a ransa ya san idan tambayar nan ta sake tasowa, turken ne kaɗai shaidarsa.

Sufeto ranar Laraba zai zo. Ranar Talata ruwan da ke gindin turken bai wuce idon sawu ba. Da asubar Laraba Malam Zakka ya jingine keke, ya gangara, bai ga turke ba. Rami kawai ya gani cikin laka. Da ya ɗaga kai sai ya hango kan turken can cikin ruwa, taki goma sha biyar daga inda yake, ɗan kamu ɗaya ne ya leƙo waje.

Hodi ya taso daga jirginsa yana murmushi, kamar wanda ke jiran tukuici.

"Ka ga aikina? Na ji an ce babban mutum zai zo yau, ga turkenka ya kusa kwana bisa tudu. Abin kunya ne. Mu turke bin ruwa yake yi. Na cire shi na kai maka inda ruwa yake, na buga shi da kyau. Ko wata guda ba ya bushewa."

"Baba Hodi, tsagogin fa?"

"Suna nan jikinai. Ko ɗaya ban goge ba."

Gaskiya ya faɗa. Duk masunci haka yake yi da turken jirginsa, ruwa ya ja baya ya bi shi. Giyayyarsa kuwa ba ta taɓa motsawa ba, don haka bai taɓa tunanin cewa tsaga ba ta da amfani idan icen ya bar wurinsa ba. Aikin kwana ashirin da shida yana ƙarƙashin ruwa, kuma ko an ciro shi ba wanda zai iya mayar da shi daidai zurfin da yake.

Malam Zakka ya tsaya. Ya dubi fuskar mutumin, ya ga har yanzu jiran godiya yake yi.

"Na gode, Baba," in ji shi. Ya hau keke.

Malam Kalilu ya iso da hantsi, dogo, da farar riga da farin takalmi, da alƙalami biyu a aljihu. Ya zauna a bayan aji, hedimasta yana tsaye kusa da shi. Ya ba da tambayoyi goma a allo, yara suka amsa tara daidai. Malam Ummaru ya fara sakin fuska. Sai sufeto ya rufe littafinsa.

"Aku ma yana iya wannan," in ji shi. Ya nuna Usmanu da alƙalami. "Kai. Mainos sau mainos, don me ya zama fulos?"

Usmanu ya miƙe. Ya dubi hedimasta, ya dubi malaminsa. "Yallaɓai, sai in mun tahi gulbi."

Malam Ummaru ya yi tari. Sufeto ya juya ga Malam Zakka. "Wane gulbi?"

Malam Zakka bai yi kwana-kwana ba. Ya ce yaron ya taɓa yi masa wannan tambayar, shi kuma bai sani ba, ya faɗa a gaban aji cewa bai sani ba. Ya ce wani masunci ne ya koya masa. Ya ce ya kafa turke yana aunawa, amma yau da asuba ya tarar an matsar da shi, don haka shaidar da ya tara ta lalace.

"Ke nan ba abin da za ka nuna mini."

"Akwai giyayya, yallaɓai. Amma sai da jirgi."

Sufeto ya dubi farin takalminsa. Ya dubi yara talatin da biyu da suka zuba masa ido. "Mu je," in ji shi.

A bakin gulbi Hodi ya ja jirgi zuwa gaɓa. Sufeto ya tuɓe takalmi ya miƙa wa hedimasta, ya tattare riga ya shiga kamar wanda ya saba. Usmanu ya shiga da allonsa da karan awo. Saura Malam Zakka. Ya tsaya, ƙafa ɗaya a laka, ɗaya a sama.

"Shigo, ɗan tudu," in ji Hodi. "In ka faɗa ni ke tsamo ka. Na tsamo jakai ma."

Ya shiga. Ya zauna a tsakiyar jirgin ya riƙe gefe da gefe, har jijiyoyin hannunsa suka fito. Ba wanda ya yi dariya a gaɓa, ko da yake an so.

A gindin giyayya Hodi ya riƙe reshe ya tsayar da jirgi. Tsagoginsa suna jere a jikin icen, ɗaya bisa ɗaya. Sufeto ya tambaye shi yaushe ya yi ta ƙarshe, ya ce Juma'a. Sufeto ya sa tafin hannu ya rufe ta.

"Yaro, yau Laraba. Rubuta mini inda ruwan Juma'a yake."

Usmanu ya rubuta −2 × −5, ya ce, "Goma, yallaɓai. Bisa." Ya kafa karan a bakin ruwa ya hau da shi sau biyar, ya tsayar da farce. Sufeto ya ɗaga hannunsa. Tsagar tana nan, rabin yatsa ƙasa da farcen.

"Da saura rabi," in ji sufeto.

"Yallaɓai, ruwa ba ɗan makaranta ba ne," in ji Hodi. "Ba ya tsoron bulala."

Sufeto ya danne dariya. Ya nuna tsagar da ke sama da wannan. "Waccan fa, yaushe aka yi ta? Kada ka gaya masa, Baba."

Usmanu ya auna, ya sami yatsa ashirin da huɗu. Ya raba da mainos biyu. "Mainos sha biyu. Kwana sha biyu baya." Ya ƙirga a yatsunsa yana komawa: Talata, Litinin, Lahadi, har ya dire. "Juma'ar da ta gabaci waccan."

"Haka ne," in ji Hodi.

Sufeto bai tsaya nan ba, don yaro ɗaya ba aji ba ne. Ya juya ya ɗaga murya zuwa gaɓa. "Ku na tudu! Da damina ruwa yana hawa yatsa uku kullum. Kwana huɗu da suka wuce yana ina?"

Sai murya talatin ta taso a kan ruwa: "Sha biyu ƙasa!"

Da aka dawo gaɓa sufeto ya karɓi takalminsa, ya zauna a kan wani jirgi da aka kife, ya yi rubutu kamar layi huɗu. Bai yabi kowa ba. Ya ce wa Malam Ummaru, "A bar masa ajinsa. A kuma nemo masa turke mai tsawo." Ya ce wa Hodi, "Kai kuma ka bar taɓa masa shi." Malam Zakka bai ji rabin maganar ba. Yana zaune a kan yashi yana share laka daga ƙafafunsa.

Shekara ashirin da biyu ya yi yana koyar da lissafi bayan wannan, sha huɗu a Birnin Kebbi, takwas a Argungu. Bai zama hedimasta ba, bai nema ba. Duk kaka yakan kafa turke, ya jera sababbin yara zuwa gulbi, da karan nan guda da ya yi baƙi don riƙo. Malam Ummaru har ya bar aiki bai daina cewa abin nan wasa da laka ne ba, amma da ɗansa ya kai ajin, shi da kansa ya saya masa gajeren wando na shiga ruwa. Usmanu ya zama injiniyan hanya. Wasu sun zama manyan mutane, wasu masu shinkafa kamar iyayensu. Ni na ƙare a gidan ruwa na Birnin Kebbi, ina karanta ma'aunin gulbi safe da yamma, na ƙarfe mai fenti, wanda ba mai iya cire shi. Hodi kuwa duk shekara sai ya aika wa Roda busasshen kifi, yana cewa na ranar da mijinta ya manta ne.

Yanzu yara suna da littattafai masu hoto, kuma na tambayi da yawa cikinsu tambayar Usmanu. Waƙar nan ta mainos sau mainos suke rera mini.

Hodi ya rasu a Gulma da kaka, a shekarar da Malam Zakka ya ajiye aiki. A lokacin an riga an ɗaure kaya, Roda da keken ɗinkinta suna jiran motar da za ta mayar da su ƙasar duwatsu. Ranar Juma'ar da ta biyo bayan rasuwar, ina kan matakalar gidan ruwa da hantsi, sai na ga Malam Zakka ya sauko daga motar Argungu, furfura ta cika masa kai, ya gangara mashigin jirage. Ya yi magana da wani masunci, ya tuɓe takalmi ya rataya a wuya. Ya daɗe tsaye, ƙafa ɗaya a laka, kafin ya shiga. Ya riƙe gefe da gefe har suka kai giyayya.

A can ya saki hannu ɗaya. Ya ciro wuƙa, ya jira ruwa ya kwanta, ya yi tsaga daidai bakinsa, a ƙarƙashin ta ƙarshe da Hodi ya yi. Ya ɗora karan ya auna tsakaninsu. Sannan ya soke karan a wata ɓaraka ta jikin icen, ya mayar da hannunsa ga gefen jirgi, ya ce wa masuncin su koma.